Jakar Ƙwaron Yaƙi da Murzuna: Abin da Na Gani a Gonar Gero

Damina biyu ke nan ina sayen ƙaramar jakar algarara da wata ƙungiyar manoma a jihar Maradi take sayarwa domin yaƙi da murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar gero tana barin zane mai kewaye a jikinta. A cikin jakar akwai gero, da tsutsotsin malam-buɗe-littafin da ke ɓata hatsin ajiya, da kuma matan wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, suna cikin waɗanda suka yaɗa dabarar a Nijar.

Abin da ya sa na amince da kayan nan shi ne halin ƙwaron na sauya abin da yake farauta. A kan tsutsar ajiya ake kiwonsa, amma da zarar 'ya'yansa sun fito ta ƙofofin algarara, sai su nufi zangarniya, inda macen take harbin murzuna ta shanye mata jiki, sannan ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ta fi son tsutsar da ta yi girma, kuma takan harbi fiye da waɗanda take saka wa ƙwai, wanda hakan riba ce ga manomi. Idan an yi girbi, murzuna ta shige ƙasa, ƙwaron yana iya komawa kan tsutsotsin rumbu, ko da yake zafin rani yana rage shi ƙwarai, shi ya sa ake sake sakinsa kowace damina.

Wannan zaɓin nasa na tsutsar da ta yi girma ne kuma ya sa lokacin ratayawa yake da muhimmanci. A shekarar farko jakar ta iso mini a makare, bayan tsutsa ta gama ɓarna, kuma babu ranar haɗawa a jikinta, abin da nake ganin gazawa ce ta masu sayarwa. A ta biyu na rataya ta gero yana bununi, kuma ramukan zangarniya sun ragu sosai.

Ƙwaron bai san iyakar gona ba, don haka gara gari ya haɗa kuɗi ya saya tare, a kuma yarda cewa ba wanda zai yi feshi a makonnin nan, domin maganin da ke kashe tsutsa yana kashe shi.