3-9x40 ko 6-24x50: Wanne Ya Dace da Bindigar Iska?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga hotunan madubai biyun na saitin bindiga da ka turo kana tambayar wanda za ka saya don harbin tsuntsaye daga nesa, da bindigar da za a ɗora wa, ta iska mai sifirin wadda ake karya bakinta a ɗana. Ɗauki 3-9x40 ɗin, amma ka tabbatar akwai AO, wato zoben daidaita nisa a gilashin gaba, a rubuce a jikinsa. Shi kuwa 6-24x50, bar wa mai shago kayansa ko da ya ce ya sauke maka kuɗi.

Irin na farkon ne a kan tawa, ƙirar Hawke na Ingila, ya kuma daɗe yana cin ƙurar hunturu tare da ni. Wata kaka muna dawowa daga fadamar Galma ta wajen Dakace, babur ya shiga yashi ya zubar da mu. Bindigar na cikin jaka a bayana, ta bugu da ƙasa har murfin gilashin gaba ya tsage. A raina na ce saiti kam ya tafi. Da muka iso gida na jingina kwalin taliya da katangar baya, na ɗiga masa gawayi a tsakiya, na ja da baya taku talatin. Harbin farko ya ɓula gefen ɗigon, na biyu ya kusa shiga ramin na farko. Ko maɓallin saiti ɗaya ban murɗa ba. Abin da ake biya wa kuɗi a madubi ke nan, inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau.

Lambobin nan su ke ruɗar mutane. Na gaban x ɗin suna nuna sau nawa madubin ke jawo abu kusa, na bayansa kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Idan ka raba faɗin da ƙarfin jawowar, za ka sami kaurin hasken da ke isowa idonka. Babban nan idan ka murɗa shi zuwa 24, hasken milimita 2 ne da ɗan ɗori. Ƙwayar idon matashi kuwa tana buɗewa har wajen milimita 7 a cikin duhu, tamu da muka manyanta ba ta kai haka ba, amma ta fi 2 nesa ba kusa ba. To fakara da hasbiya yaushe suke fitowa kiwo? Bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, sai kuma dab da magariba. A lokacin nan idan ka leƙa 24 sai duhu-duhu, ka ɗan gusa kanka kaɗan hoton ya ɗauke gaba ɗaya. Nawa ina barinsa a kan 5 ko 6, haske ya cika ido, har zanen gashin ƙirjin fakara kana gani. Wani zai ce ai babban ma ana iya mayar da shi 6. Gaskiya ne. Sai dai ka biya kuɗi, ka ɗauki nauyi, saboda lambobin da ba za ka yi aiki da su ba.

Madubi kuma ba tsuntsu kaɗai yake jawowa ba, har rawar hannunka yana ƙara mata girma. A 24, kana tsaye ba ka da abin dogara bindiga, za ka ga gicciyen ciki yana yawo da bugun zuciyarka. A zafin Maris da Afrilu ƙasa na fitar da kawalwalniya, babban zum sai ya mayar maka da komai kamar yana ninƙaya. A hunturu kuma hazon ne zai jawo maka.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci a wurina. A kan 3, filin da kake gani daga nisan mita 100 ya kai wajen mita 12 ko 13. A kan 24 bai wuce mita ɗaya da rabi ba, daga mita 40 kuwa wajen santimita 60 ne kacal. Gonakinmu na wajen Shika da Maigana da Soba ba daji ba ne. Yaran Fulani na ratsawa da shanu, mata na tsintar itace, wani na durƙushe yana yankan ciyawa a bayan kunya. Wanda ke leƙe ta ramin santimita 60 ba zai ga yaro ya shigo ba sai ya riga ya ja kunama. Ƙaramin zum yana barinka ka ga tsuntsun da abin da ke bayansa a lokaci guda. Kuma don Allah kada a mai da madubin bindiga abin hangen mutane daga nesa, duk inda ka leƙa nan bakin bindiga yake kallo.

Sai maganar sifirin, wadda masu shago ba sa gaya wa kowa. Bindiga mai albarushi baya kawai take tokari. Taka sau biyu take yi: fistin na zabura gaba sai bindigar ta ja baya, ya je ya daki ƙarshen bututunsa sai ta fizgo gaba, duk cikin ƙiftawar ido. Madubin da ba a ƙera don wannan fizgar gaba ba, gilasansa na ciki sukan sassauta, ko da na babbar bindiga ne mai tsada. Manyan madubai masu araha sun fi saurin mutuwa, don gilasansu sun fi yawa sun fi nauyi, abin da ke riƙe da su kuma ba shi da ƙwari. Na taɓa sayen irin 6-24x50 ɗin nan mai fitila ja da kore. Gwangwanin harsashi ɗaya bai ƙare ba gicciyen ya karkace, mai shagon kuma ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Yana da wurinsa, ban hana ba: a kan bindigar PCP mai tukunyar iska wadda ba ta girgiza, ko ta masu gasar harbin takarda da ke kwanciya su dogara ta a kan ƙafa biyu. A can ma sai na asali, wanda kuɗinsa zai iya fin na bindigarka.

Nisan da kake so kuwa, harsashin ne ke yanke shi. Ƙwayar dalma ta milimita 5.5 ko 4.5 ba ta da nauyi, tana wuce mita 40 take fara sunkuyawa sosai, iskar hunturu kuma ta kwashe ta gefe. Bindiga mai sifirin, mita 40 zuwa 50 shi ne iyakar inda mutum zai harbi abu mai rai da tabbacin zai faɗi nan take. Bayan nan sai dai ka karya wa tsuntsuwa ƙafa ta tashi ta je ta mutu mushe a cikin dawa, ba ka ci ba, ka kuma ɗauki alhakinta. A wannan nisa 9 ta ishe ka har da saura.

Dalilin da na nace wa AO shi ne, yawancin madubin manyan bindigogi an daidaita su ne a yadi 100, wato wajen mita 91. Idan ka leƙa abin da ke mita 25 da irinsu, ka motsa kanka hagu da dama, za ka ga gicciyen yana zamewa daga kan abin alhali bindigar ba ta motsa ba. Wannan zamewar ita ke sa mutum ya yi ta kuskure yana zargin harsashi. AO zobe ne a gilashin gaba mai lambobin nisa, ka murɗa shi zuwa inda abin yake, hoto ya fito tas, gicciye ya tsaya cak. Ka gwada wannan a bakin shagon tun kafin ka ciro kuɗi.

Idan ya zo hannu, ka yi saiti a mita 25 ko 30, a ranar da babu iska. Maɓallan irin waɗannan galibi 1/4 MOA ne, kowane ƙas ɗaya yana gusar da harbi wajen milimita 7 a mita 100, a mita 25 kuwa bai cika milimita 2 ba. Don haka idan harbinka ya kauce da santimita 2, ƙas wajen 11 za ka ƙirga. Mutane kan yi biyu ko uku su ga ba abin da ya canza su ce madubi ya lalace. Daga nan ka bar maɓallan su huta. Zaɓi lambar zum ɗaya, ka harbi kwali a mita 20, 30, 40 da 50, ka ga ɗigo na nawa a kan gicciyen ya dace da kowane nisa, ka rubuta a 'yar takarda ka manna a ƙotar bindiga. Ka riƙe lambar nan, domin a irin wannan madubi girman gicciye ba ya canzawa da zum, lissafin da ka yi a 6 ba zai yi aiki a 9 ba.

Rarar kuɗin da ta rage maka ka sa ta a maƙali. Nemi mai haɗe guda ɗaya, mai ɗan ƙusa a ƙasa da ke shiga rami a saman bindiga, in ba haka ba madubin zai riƙa jan jiki baya da kaɗan-kaɗan. Ka kuma duba kaurin bututun, akwai inci 1 akwai milimita 30, zoben wannan ba ya kama wancan. Da alanki ka ɗaure a hankali, kada ka matse har ka lotsa bututu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, na Sabon Gari ne ko na intanet. Jabu ya cika kasuwa. Ana buga sunan manyan kamfanoni irin su Bushnell da Leupold a jikin madubin bindigar wasan yara, a zuba a kwali mai sheƙi, a haɗa da fitilar leza don a ja ido. Duk wanda ya ce maka na asali ne a kuɗin buhun masara, ƙarya yake yi, araha ba ta ado. Ka riƙe shi a hannu. Ka leƙa hasumiyar masallaci ko falwayar da ke nesa, ka murɗa zum daga ƙasa zuwa sama ka ga ko gicciyen na barin inda ka ɗora shi. Ka ɗan buga shi a tafin hannu ka kai kunne, idan wani abu na kaɗawa a ciki ajiye. Maɓallan su riƙa ƙas-ƙas a fili, ba laushi kamar an taka laka ba. Akwai kuma masu karɓar wanda wani ya dawo da shi, su goge su mayar kwali, saboda haka duba jikin bututun ko akwai sawun zobe. Masu cewa turo kuɗi duka a sa maka a mota, sai ka sami wanda ka sani a garin ya je ya gani da idonsa.

Takardu kuma. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙewa, kamar dai bindigar farauta. Da yadda tsaro yake a hanyar Giwa da Birnin Gwari, bindiga mai ƙaton madubi a shingen bincike ba ta da saurin bayani. Lasisinka ya kasance a aljihu bai mutu ba, bindiga a cikin jaka ba harsashi a ciki, ƙauyen da za ka shiga kuma ka fara gaida mai unguwa da 'yan sintiri su san da zuwanka.

Hoton da ka turo bai nuna saman bindigar ba. Ɗauko mana shi ta sama, mu ga ko layin da maƙali ke kamawa na milimita 11 ne ko mai faɗin nan mai gaɓa-gaɓa, kuma ko akwai ramin ƙusa, sai in gaya maka maƙalin da za ka nema.