Masu zanen bango na Agege: yadda na ga aikinsu bayan damina

Wata bakwai ke nan da wasu matasa huɗu masu zanen bango suka gama ƙawata katangar Islamiyyarmu da ke Agege, kuma da gangan na jinkirta faɗin ra'ayina har damina ta wuce, domin a Legas ruwan sama da danshi su ke tona asirin mai fenti.

Kwana uku suka yi suna kankare tsohon fenti da gansakuka, suna liƙe tsagar bango da siminti, kafin su buɗe gwangwani ko ɗaya. Da yake makarantar addini ce, mun sharɗanta musu kada a zana mai rai, sai babbansu ya kawo mana samfuri a takarda: dagin Arewa a saman ƙofa, da zayyana irin ta tsofaffin gidajen Zariya, shuɗi da ruwan ƙasa, tana kewaye tagogi. Har yau launin bai koɗe ba, in ban da wani ɗan wuri ƙarƙashin indararo da ya ɓamɓare.

Inda suka gaza shi ne cika alkawari. Mako biyu suka ɗiba, aikin ya ci biyar, saboda sukan bar mu su tafi rubuta allunan shaguna don samun na cefane. Raina ya ɓaci a lokacin, amma da na ga halin da suke ciki sai tausayi ya rinjaya, domin masu hannu irin wannan bai kamata a ce kullum suna farautar aikin yini ba.

A Amurka, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauki dubban masu zane aiki daga 1935 zuwa 1943, tana biyan su duk mako, suna ƙawata makarantu da asibitoci. Wani shirin daban na Ma'aikatar Kuɗi yakan ware kimanin kashi 1 cikin 100 na kuɗin sabon gini domin zane, kuma da yawa daga zanukan gidajen wayar ƙasar suna nan har yanzu. Da ƙananan hukumomin Legas za su yi haka a makarantun firamare da asibitocin unguwa, da waɗannan yaran sun samu albashi, gine-ginen kuma sun yi kyan gani.

Duk mai son ba su aiki, ina ba shi shawara ya ba su, amma a rubuta wa'adi a gaban shaidu, ya sayi fentin da kansa, kuma ya gyara indararonsa tukuna.