Waƙa ko Abu a Hannu: Da Me Za a Buɗe Darasin Turanci?

Malama, kin yi tambaya a ƙungiyarmu ko waƙa ce ta fi dacewa a buɗe darasin Turanci da ita, ko kuwa a shigo aji da wani abu a hannu a sa yara su yi magana a kansa. Na gwada duka biyun a aji huɗu a Aboabo, nan Kumasi, wato ajin da Turanci ke zama harshen koyarwa, ga yaran da ke jin Hausa a gida, harshen Twi a kan titi, Larabci kuma a Islamiyya.

Waƙa tana da saurin tattara hankali, musamman bayan an dawo daga tara, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. Illarta ita ce yaranmu gwanayen hadda ne, sun saba da ita tun daga allo, saboda haka yaro zai rera baiti huɗu daram ba tare da ya san ma'anar kalma ɗaya ba, malami kuma ya ɗauka an fahimta.

Abu a hannu ya fi cin shiri, amma shi ne yake buɗe bakin yaro. Wata safiya na shigo da ƙosai a ƙunshe cikin takarda, na ɗora a tebur, na ce su cinka abin da ke ciki da Turanci. Ƙamshi ya tona asiri, sai ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana neman kalmar wake. Daga nan muka shiga tambayar farashi da sidi, kuɗin Ghana, sannan na tambaye su wace ce mai suyar. A nan ne kuskuren da waƙa ke ɓoyewa ya fito fili: da yawansu sun kira matar da lamirin namiji, domin Hausarmu ta zango ba ta cika bambanta "ya" da "ta" ba, harshen Twi ma bai raba su. Darasin ranar ya samu ƙofa ke nan.

Manhajar karatu ta Ghana ta 2019 ta ware wa shimfiɗa, wato buɗe darasi, matakin farko, kuma ni a ganina kada ta wuce 'yan mintoci. Idan 'yan aji ɗaya ko 'yan aji biyu kike koyarwa, ki riƙe waƙa, amma ki haɗa ta da nuni da hannu. Daga aji huɗu zuwa sama, Malama, ki shigo da ƙosan, ko kuɗin mota, ko hoton kasuwar Kejetia.