Sashen gashi ne ya buɗe min baki bayan aikin muƙamuƙi

Ranar da aka kwance min wayoyin haƙori, bayan sati huɗu baki a ɗaure, na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Yatsa ɗaya ma da ƙyar yake shiga tsakanin haƙorana, in na matsa sai naman kumatu ya ɗaure tamau, zafin ya harba har cikin kunne. A haɗarin babur na karye a Kano, aka sa min ƙarfe da kusoshi ta cikin baki.

Ban je sashen gashi, wato fisiyo, da wani fata ba, ni a sanina ƙafa da baya suke dubawa. Baiwar Allahn da na samu ta auna bakina, milimita 14. Ta ce mai lafiya yakan kai wajen 40, wato yatsu uku a jere. Sai ta ɗauko 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, ta jera, ta tura min tsakanin turame. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ta ce, "Yi haƙuri Malam, ƙashi ya kama, naman ne ya sandare don ya daɗe bai motsa ba." Ta koya min gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in murza, sannan in sa katakon sau biyar a yini, ina ƙara ɗaya in ya saki. A sati na shida na kai 34. Ranar na ci tuwo da loma, ba damamme ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Amma fa raina yana ɓaci in na tuna. Sati uku na yi a gida ina shan kunu da koko, ina jiran baki ya buɗe da kansa, domin babu wanda ya ambata min gashi lokacin sallama. Maƙwabciyarmu nas ce ta tura ni. Ga layi a sashen gashin, tun bakwai na safe har azahar saboda zaman minti ashirin. Leɓena na ƙasa kuma har yau a mace yake, ruwa na zuba ban sani ba. Mai yi min gashin ta ce jijiya ce, in koma wurin waɗanda suka yi aikin. Na koma, suka ba ni wata biyu.