Fentin Contrast bayan na gama Orks sittin da shi

Shekara biyu da wani abu Orks ɗina, wato 'yan sojojin roba masu koriyar fata na wasan yaƙin tebur Warhammer 40,000, suna kwance a kwali tsirara, robar nan ruwan toka yadda na harhaɗa su haka nake jera su a tebur, abokin wasana kullum sai ya tsokane ni wai ga rundunar fatalwa nan ta iso. Ba wai ban iya fenti ba ne, na iya daidai gwargwado, yawan ne ya kashe min gwiwa. Duk mai buga Warhammer 40,000 da Orks ya san zancen, mai rundunar Space Marines zai fenta 'yan sojoji talatin ya ce ya gama, kai kuwa Boyz kaɗai, wato ƙananan sojojin Orks, sittin ne ke kallonka, ga motoci ga manyansu. A tsohuwar hanya sai ka shafa kalar farko, ka bi da mai duhu ya shiga lunguna, ka dawo ka haska saman tsoka, soja ɗaya ya ci min awa ɗaya da rabi. Na yi bakwai na ajiye burushi.

Toh shi ne na sayi Contrast na Citadel, wato fentin kamfanin Games Workshop na Ingila. Tun 2019 ya fito, ni ne dai na makara saboda na ɗauka na ragwaye ne. Kwalba shida na ɗauka, Ork Flesh don fata, Snakebite Leather da Wyldwood don jaka da bel da takalma, Black Templar baƙi, Skeleton Horde don haƙora da ƙasusuwa, sai Blood Angels Red, da gwangwanin feshi na Wraithbone da kwalbar Contrast Medium guda, ruwan da ake sirka fentin da shi.

Abin da ya bambanta shi da fentin da muka saba, shi tsinkakke ne kuma ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. In ka shafa sai ya gangara ya taru a rami ya yi duhu, a kan tudu kuma ya yi siriri hasken ƙasa ya fito, kenan shafa ɗaya ta yi maka aikin uku. Ork na farko da na gwada, wallahi tsayawa na yi ina kallo, na ɗibo koren da yawa na ɗora a damtsensa kawai sai ga jijiyoyi da tsagar tsoka suna fitowa da kansu, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, fuskar nan mai tattara duk ta bayyana ban taɓa komai ba. Minti ashirin da biyar na gama shi har da makami.

Amma fa zumuɗi ya ja min asara a goman farko. Ban girgiza kwalbar da kyau ba, kalar ta kwanta a gindi ni ina ɗibar ruwan sama, biyar suka fito fari-fari kamar marasa lafiya. Sannan ga halin nan nawa na komawa in gyara. Wannan fentin in ya fara kamewa, bayan kamar minti ɗaya, ka sake sa masa burushi to ka yaga shi, zai bar tabo mai zobe wanda ba ya ɓoyuwa. Dole na koyi in shafa gaɓa guda in gama da ita gaba ɗaya, hannu daga kafaɗa zuwa yatsu, in inda ya taru ya yi yawa in tsotse da busasshen bakin burushi nan take, daga nan in cire hannu in bar shi. Kuma kar ka shafa ruwan ƙasa kusa da koren da bai bushe ba, zai tsallaka su cakuɗe. Shi ya sa na koma yin goma-goma, fata duka goman, kafin in kai na ƙarshe na farko ya sha iska, sai in dawo kan bel.

Fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara fesawa a jikin roba, shi ne rabin aikin, wannan ban yarda ba sai da na gani. A kan Wraithbone, mai ɗan ruwan madara, koren yana fitowa da ɗumi kamar ɗanyen ganye. Na gwada uku a kan Grey Seer, mai ruwan toka, da na ara, suka fito da sanyi da duhu, ba laifi amma ba shi nake so ba. A kan baƙi zalla kuwa ɓarnar fenti ce kawai, ba abin da za ka gani. Daga baya na koma dabarar nan da ake kira slapchop, ka fesa baƙi, ka goga ruwan toka da busasshen burushi, ka bi saman da fari sama-sama, sannan ka zuba Contrast. Ashirin ɗin ƙarshe haka na yi su kuma sun fi sauran kyau nesa ba kusa ba, don inuwar tana nan tun kafin kala ta hau, in ma ka tsallake wani lungu baƙi ne a wurin ba fari mai tona asiri ba. Kuskure ma gyaransa a nan yake, in ja ya taɓa haƙori ba za ka rufe shi da Skeleton Horde ba tunda ana hango ƙasa, sai ka fara mayar da farin a wurin tukuna.

Inda ya ba ni ciwon kai shi ne Trukk, motarsu. Faffaɗan ƙarfe shafaffe ba rami ba tudu, fentin bai da inda zai gudu sai ya tsaya dabbare-dabbare kamar an zubar da shayi a takarda. Wannan ba aibin kwalbar ba ne, duk fentin da aka yi shi don ya gangara haka zai yi a shafaffen wuri, ni ne na kai shi inda ba gidansa ba. Na ɗan ceto ƙofa ɗaya da na sirka shi da Medium rabi da rabi na yi shafa biyu, amma gaskiya mota da tanka fentin gargajiya ya fi, ko feshi. Sa'ata ɗaya Orks ne, motarsu dama tarkace ce, na bi tabon da soso da ruwan ƙasa ya zama tsatsa, har abokina yana tambaya yaya na yi. Ban faɗa masa ba. Ƙarfen bindiga da adda ma Leadbelcher, fenti mai kalar ƙarfe, na sa na bi da Black Templar sirkakke, ya fi kama da ƙarfe.

Af, kar a sirka shi da ruwa da yawa, ɗigo ɗaya ba komai amma in ya wuce haka sai ya daina gangarawa yadda ya kamata ya bushe da fari-fari a rami. Medium ɗin don haka aka yi shi.

Gine-gine kuwa kar ma ka fara. Kwalbar mililita 18 ce, kangon bene ɗaya zai shanye rabinta. Kangayena da soson nan mai tauri na rufin ɗaki na yanka su, na dandanna dunƙulen takardar alminiyom a jiki ya ba da fuskar dutse, na shafe da farin gam na katako da na haɗa da baƙin fenti mai arha. Gam ɗin nan wajibi ne in za ka yi feshi, don sinadarin gwangwani narkar da soso yake yi, bangona na farko ina ji ina gani ya lotsa kamar kyandir. Bayan nan busasshen burushi da ruwan toka, shikenan. Abin da Contrast ya yi a wurin bai wuce ɗan Wyldwood a katakon taga da ƙofa ba.

Abin da ban zata ba shi ne yadda fentin ya taɓa wasan kansa. Na farko dai akwai maki 10 da ake ba wanda rundunarsa ta fentu a wasan gasa, shekara biyu ina kyautar da su a banza, kuma akwai wasannin da da ƙasa da haka aka cinye ni. Na biyu, na raba garken uku da kalar wando, ja, baƙi, ruwan ƙasa. Da can in garke biyu suka cakuɗe a tsakiyar tebur, tebur ɗin ma inci 44 ne da 60 ba wani fili ba, sai mu tsaya gardamar wane na wane ne, in cire gawa daga garken da ba shi aka harba ba. Yanzu kallo ɗaya na san masu jan wando su ne ke laɓe bayan kango suna jiran in kira Waaagh, ihun kai hari na Orks, masu baƙi suna zaune kan wurin maki a baya. Har na daina haukan da nake yi na tura kowa gaba tun zagayen farko su sha harsashi a fili, tunda yanzu ina ganin su a matsayin garke uku masu aiki daban-daban, kuma mutum in ya ɓata dare yana fenta abu ba ya son ya kwashe shi daga tebur tun kafin ya sari kowa.

In ka ɗauki ɗaya ka kawo shi kusa da ido za ka ga aikin sauri ne, bakwai ɗin nan na farko da na yi da tsohuwar hanya sun fi su tsafta, ba gardama. Daga tsaye a bakin tebur kuwa ni kaina sai na laluba kafin in ware su. Warboss ɗina, shugaban rundunar, shi dai da hannu zan bi shi a hankali, Contrast a ƙasa sannan in haska da fentin gargajiya a sama. Fentin yana da saurin gogewa a gefen da yatsa ke kamawa, don haka na fesa musu banish marar ƙyalli duka kafin su koma kwali. Ork Flesh kwalba ɗaya da kwata ta ishi sittin ɗin, da ma ɗaya za ta kusa isa ba don gwiwar hannuna ta ture ta farkon ba, har yanzu tabarmar yankana kore ce gefe guda.