Saƙo daga Landan: mawaƙan da ba a yi wa liƙi

Yaya Hajiya, bayan gaisuwa mai yawa, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna?

Kin tambaye ni labarin kasuwa. Kaya kam akwai, aljihu ne ke shan wahala. Naman halal ba ya wuyar samu, Turkawa da 'yan Pakistan na da shaguna ko'ina, amma doya da manja sai na dangana da unguwar Peckham a kudancin Landan, can ma a sikeli ake auna doyar. Wuta ba a ɗaukewa, sai dai kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu ya ishi mutum tunani. Ganin likita kyauta ne, samun layin ne aiki.

Gidan kula da tsofaffin da nake aiki na Yahudawa ne, wajen Golders Green a arewacin Landan. Shagunansu na rufewa kafin faɗuwar rana ran Juma'a, ba sa buɗewa sai daren Asabar ko safiyar Lahadi. Namansu, wanda suke kira kosha, ya fi namu tsada nesa ba kusa ba, don akwai malaman da ke sa ido tun daga yanka har zuwa shago, kuma sai an jiƙa shi an barbaɗe shi da gishiri jini ya tsane. A kicin ɗinmu tukunyar nama daban, ta madara daban, ko cokali ba a haɗawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba a kasuwa yake ba. Ƙungiyar mawaƙa ce da ke zuwa wurinmu lokacin bukukuwansu, musamman Hanuka, bikin da suke kunna kyandir dare takwas a lokacin sanyi. Da na fara ganinsu na ɗauka hayarsu aka yi. Ashe ko sisi ba a ba su. Akwai akanta a cikinsu, akwai malamar makaranta, akwai masu fansho. Kowane mako suna haɗuwa da daddare su yi bita, su ne ma ke haɗa kuɗi su biya hayar zaure da wanda ke koya musu. A gida mun saba mawaƙi sai an kira shi biki, an yi masa liƙi, ya wasa wanda ya ba shi. Nan mai waƙar ne ke ciro kuɗi daga aljihunsa.

Abin ya daɗe a wurinsu. Akwai ƙungiyar maza zalla ta Landan da aka kafa tun 1926, akwai kuma Zemel, ta maza da mata, wadda Dudley Cohen ya kafa a 1955. Suna rerawa da Ibrananci da Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai, da Ladino na waɗanda aka kora daga Sifen a 1492.

Akwai wata tsohuwa a ɓangarena, ta haura casa'in, tana cikin yara kusan 10,000 da aka kawo Ingila tsakanin 1938 da 1939 don tsira daga Hitila. Ciwon mantuwa ya cinye ta, ɗanta ma ba ta ganewa, abinci sai da lallashi. Ran da mawaƙan suka zo, ɗaya daga cikinsu ya durƙusa gaban kekenta ya riƙe mata hannu, suka ɗauko wata waƙar Yiddish. Yaya, wallahi baiti bayan baiti ta bi su, yatsunta na buga hannun keken. Da yamma ta cinye abincinta tas. Mu ma'aikata muna wanka da ba da magani, ana biyanmu, amma wannan ba ya cikin abin da muka iya.

Na san za ki ce mu ba ma kai iyayenmu irin wannan gida, kuma gaskiyarki, ban ga abin da ya kai tsufa a tsakiyar jikoki ba. Amma akwai waɗanda ba su da kowa a gidan gajiyayyu, akwai waɗanda suka yi watanni kwance a asibiti. 'Yan matan Islamiyyarku da ke rera ƙasidu ranar saukar karatu, me zai hana su riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata? Ki yi wa Malama magana, idan ta amince kuɗin Adaidaita Sahu na wuyana, zan haɗa da na cefanen Inna in turo ƙarshen wata.

Ki gaida Baban yara da kowa da kowa.

Ƙanwarki.