Ruwan inabi tsantsa ko giyar da aka cire wa barasa: wanne za a ajiye kusa da gasasshen rago?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri a walimar nan. Kin tambaya wanne za ki ajiye wa baƙi kusa da gasasshen rago. Cikin kwalaben biyu da kika nuna mana, jan ruwan inabi tsantsa da wancan haɗin giyar inabi nau'in Cabernet da Merlot da aka ce an cire masa barasa, ɗauki na farkon ki huta. Duka biyun sun shiga gidana. Ɗaya har yau ina sayensa, ɗayan kuwa sau ɗaya na saya ban koma ba.

Na tsantsan da na fi sabawa da shi Welch's ne, mai launin shunayya. Shekarar da muka aurar da ƙanwata shi muka ajiye wa manyan baƙi a falo, ga rago gasasshe a tire, ga yaji da albasa a gefe. Kawunmu dattijo ne mai tsantseni, abin da bai sani ba ba ya kai shi baki. Da ya ga launin abin a kofi sai ya janye hannu, ya ce a kawo masa kwalbar. Ɗana ya karanta masa abin da ke jiki, ni kuma na durƙusa na ba shi labarin asalinsa. A 1869 wani likitan haƙori a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka, Thomas Welch, wanda ke ƙin barasa, ya matse inabi ya dumama ruwan ya rufe shi a kwalba, bisa dabarar masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur, domin ya kashe yis ɗin da ke juya zaƙin inabi ya koma giya. Don cocinsu ya yi, saboda ba ya son a riƙa shan mai sa maye a wurin ibada. Wato ruwan nan tun daga matsewa ba a taɓa barinsa ya tsimu ba. Kawu ya kurɓa, ya yagi tsoka ya dangwali yaji, ya sake kurɓa, sannan ya miƙo kofin ya ce, "Ƙara min, 'yar nan." Ranar har gida ya tafi da kwalba guda.

Inabin da ake yin sa da shi sunansa Concord, wani manomi Ephraim Bull ne ya samar da irin a 1849 a garin Concord na jihar Massachusetts. Ba gonar attajiri ɗaya ba ce ke bayan kwalbar, ƙungiyar manoman inabi ce ta mallaki kamfanin, da yawansu a gefen tafkin Erie suke noma. Ƙamshinsa yana da ƙarfi, zaƙinsa kuma a cike yake, shi ya sa yake tafiya da abincinmu. Zaƙi yana kwantar da zafin barkono. Ki gwada shi da tsire, da kilishi, da dambun nama, ko farfesun kayan ciki mai attaruhu, za ki ji yadda yake sanyaya harshe. Idan naman mai kitse ne sosai kamar balangu, ki raba kofi biyu, rabi ruwan inabi rabi ruwan soda mai sanyi, ki matsa lemon tsami kaɗan. Wannan ɗan tsamin shi ke wanke maiƙo daga baki, kuma katan ɗaya zai ishi mutanen da sai katan biyu za su isa. Amma kada ki haɗa shi da alkaki ko nakiya ko dubulan, zaƙi kan zaƙi gundura yake yi. Can shayi ya fi dacewa.

Abu biyu ki kiyaye da shi. Kofi ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 36, ko da ba a ƙara masa ko cokali ba, don haka masu ciwon suga a ba su wanda aka sirka ko a ba su ruwa. Sannan yana tabo. Digo ɗaya a farar shadda sai an sha wanki, kada ki bari yara su zagaya da shi tsakanin masu babbar riga.

Ɗayan kuma, wanda aka cire wa barasa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, baurinsa yana yanke kitse. Iyakar abin da zan yaba ke nan. Asalinsa giya ce cikakkiya, irin haɗin da aka san yankin Bordo na Faransa da shi, inda Cabernet Sauvignon ke kawo bauri daga ɓawo da ƙwallon inabi, Merlot kuma ya tausasa shi. Sai da yis ya cinye zaƙin, ya tsimu, sannan aka bi da injin da ke janye barasar. Abin da ya rage tsami ne da bauri kamar kin tauna ɗanyen goro, kuma da ya haɗu da yaji sai ɗacin ya ninku. Wanda na saya, tsadarsa ta fi ta ruwan inabin nesa ba kusa ba, rabin kwalbar a magudanar ruwa ya ƙare. Ga shi dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira giya "wadda aka cire wa barasa" ko da akwai ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin ɗari. Malamai da yawa ba sa natsuwa da abin da ya fara zama giya kafin a tace shi, ni kuma ba na son in sa baƙona cikin shakka a kan tabarmata.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, ki yi hattara da masu sayarwa. Akwai wanda zai rantse miki cewa babu komai a ciki alhali bai taɓa karanta takardar ba, shi dai ya sayar. Ki juya kwalbar da hannunki. Idan kin ga "grape juice" ko "jus de raisin", ruwan inabi ne. Idan kin ga "de-alcoholised" ko "désalcoolisé", wancan na biyun ne. Idan kuwa kin ga 12% ko 13% vol, giya ce zalla, ajiye ta ki canza shago. Ki duba lambar NAFDAC, ki shafa wurin kwanan watan lalacewa ki ji ko an kankare an sake bugawa, ki tabbatar zoben murfin bai tsinke ba. A Disambar 2023 hukumar ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba, ta tarar ana ɗura jabun kayan sha cikin tsofaffin kwalabe masu suna, kuma irin waɗannan kaya mota ɗaya ce tsakaninsu da kasuwanninmu. Wanda aka jera a rana bakin titi ma ki ƙyale shi, haka duk robar da kika ga ta kumbura, alamar ya fara tsimuwa ke nan.

Ki fara sayen kwalba ɗaya a babban kanti ki ɗanɗana a gida da naman da za ki gasa, in ya yi miki sai ki koma shagon ki ɗauki katan-katan. Bayan taro kuma a huda robobin, a fasa kwalaben kafin a zubar, don masu bi bola suna tsintar su ne su kai wa masu ɗurin jabu.